Na je gida na tarar ƙanena ne mai gida

Abu Suwaiba, Jidda:
Assalamu alaikum jama'a. Da yawanku kun san na je gida bayan ƙaramar sallah, kuna ta tambayata yaya na baro mutane ina cewa lafiya lau. Lafiyar ce, alhamdu lillahi. Amma akwai abin da ya tsaya mini a rai, na ce bari in kawo shi nan tunda akwai manya.

Ni ɗan Mai Wurno ne, kusa da Sinnar a ƙasar Sudan. Na shigo Jidda tun kafin a raba ƙasa a 2011, ina aiki a shagon kayan gyaran mota. Da can nakan leƙa gida in na samu hali, amma tunda yaƙi ya tashi a Afrilun 2023 ban taka ba sai wannan karon. Ta ruwa na bi saboda kaya: jirgi daga Jidda zuwa Sawakin, sannan mota ta Kassala, Gadarif, Madani har Sinnar. Na ɗauki sola da batir, tobobin mata daga Bab Sharif, jallabiyoyi, sandal, dabino, da maganin hawan jinin Inna. An yanka rago an yi mini karama, wato walimar tarba, unguwa ta cika gidan. Tarba kam ba ni da ƙorafi.

Sai dai ni ne babba a ɗakinmu, amma gidan ya koma hannun ƙanena Hamza. Makullin sito yana aljihunsa. Maƙwabci zai shigo da magana, ya gaishe ni da kyau, ya sha shayi, sannan ya ce ina Hamza. Inna ma, da na ce mata ina so in gina ɗaki biyu a filin bayan gida don iyalina, sai ta ce in bari Hamza ya dawo daga gona a ji. A ji me? Filin na mahaifinmu ne, kuma abin da ake ci a gidan nan shekara da shekaru ni nake turo shi. Ko a tsakiyar yaƙi wata bai taɓa mutuwa ban tura ta Bankak, manhajar banki ta waya, ba. Da Hamza ya dawo sai ya ce akwai mutanen Madani da suka gudo wa yaƙi suka kafa rakuba, wato rumfa, a filin, ba mai tashinsu sai ranar da suka ga dama. A gaban yara ya faɗa mini.

Ashe in mutum ya fita nema wa gida, girmansa ma fita yake yi?

Sale Mai Agashe, Gadarif:
Wa alaikumus salam. Abu Suwaiba barka da zuwa sahunmu. Kowa ya bar gida, gida ya bar shi, ba yau aka fara ba.

Ni kuɗin iyali ne ya koro ni. Kun tuna a 2017 a Saudiyya aka sa riyal 100 kowane wata a kan kowane mutum da ke ƙarƙashin iƙamarka, wato takardar izinin zamanka, aka ce zai riƙa hawa duk shekara har ya kai 400 a 2020. Mata ɗaya da yara huɗu, riyal 2000 ke nan a wata, ni kuwa direba ne. Ban jira ya kai can ba, na yi fita ta ƙarshe a 2018 na dawo Gadarif na kafa tukubar agashe. Watan farko kowa Alhaji Alhaji. Da tsaraba ta ƙare sai na ga ba wanda ke neman shawarata ko a kan sayen akuya. Ba ƙiyayya ba ce, sun saba yanke maganarsu ba ni. Sai da na yi damina guda tare da su, muka yi shukar riɗi, muka sha rana wajen yanka, sannan aka fara cewa a tambayi Sale. Kai zuwan sallah ka yi da akwati, ba ka ga komai ba tukuna.

Nura, Sinnar:
Yaya Abu Suwaiba, ka yi haƙuri, ni ƙaninka ne kuma ban san Hamza ba, amma a garin nan na yi yaƙin, zan faɗi abin da watakila shi ba zai iya faɗa maka ba.

Ka ce wata bai taɓa mutuwa ba ka tura ba. Allah ya saka. To ka san me ke faruwa bayan ka danna wayar? A Fabrairun 2024 sabis ya ɗauke gaba ɗaya, kuma bayan nan ma zuwa yake yana tafiya. Sai mutum ya taka zuwa inda aka kafa Starlink, ya biya kuɗin awa, ya tsaya a layi cikin rana don kawai ya ga ko kuɗi sun shigo. In sun shigo sai ya nemi ɗan kasuwar da zai ba shi tsaba, shi kuma sai ya cire nasa kaso. In ya samu tsabar sai ya nemi inda dawa take. Da 'yan Da'am Sari, dakarun RSF da ke yaƙi da sojojin gwamnati, suka kama Jabal Moya a Yunin 2024, bayan kwanaki suka shiga Sinja, hanyoyi suka toshe mana har Oktoba. Kuɗi na cikin waya, kasuwa ba gari, ba sukari, ba mai. Ga kwalara ta biyo damina. Akwai wanda yake fita da asuba ya nemo abin da za a ci, ya kai mara lafiya asibiti a amalanken jaki, ya dawo ya riƙe shebur a maƙabarta. A gidanku wannan mutumin Hamza ne. Maƙwabtan da kake ganin suna nemansa, tare suka haƙa kaburbura.

Abu Suwaiba, Jidda:
Nura na ji ka. Amma kada ku ɗauka mu a nan barci muke a kan katifa. Jine, kuɗin Sudan, ya faɗi, dalar da ake saya wajen 600 kafin yaƙi ta haura 2000, kayan abinci suka yi tashin gwauron zabi, kullum abin da na tura jiya ba ya isa yau. Na ci bashin kafili, wato ubangidan da nake aiki ƙarƙashinsa, na sayar da motata, yarana sun yi wata da watanni ful da burodi safe da dare. Lokacin da sabis ya ɗauke ina kwana da waya a hannu ban san ko Inna na raye ba. Wannan ba wahala ba ce? Ni ban ce Hamza bai yi ƙoƙari ba. Cewa na yi ni yayansa ne.

Hajiya Maryama, Makka:
Ɗana Abu Suwaiba, sannu da hanya. Kafin in ce komai, wa da wa aka rasa a danginku tun da aka fara wannan fitina?

Abu Suwaiba, Jidda:
Hajiya barka da dare. Baffanmu ƙanin mahaifinmu ya rasu lokacin kwalara, da ɗan gwaggonmu a Madani, da tsofaffi biyu a unguwa. Duk na kira na yi gaisuwa a lokacin, na kuma tura kuɗin sadaka. Da na isa 'ya'yan Baffa sun zo, mun ɗaga fatiha a diwan, ɗakin baƙi.

Hajiya Maryama, Makka:
Su suka zo, ko kai ka je?

Ɗana, ni haifaffiyar Gadarif ce, na yi aure na zo Makka ina yarinya, na koma gida ganin dangi ba adadi. Abin da uwata ta koya mini shi ne, wanda ya dawo daga tafiya bashi yake ɗauke da shi, kuma ba a akwati yake ba. Kafin a kwance kaya, kafin a ci naman karama, maƙabarta ake fara zuwa. Daga nan sai gidajen da aka yi rasuwa ba ka nan, ɗaya bayan ɗaya, da ƙafarka, ko da mutuwar ta shekara uku. Ka shiga wurin matar Baffanka, ka zauna a tabarma ba a kujera ba, ka bar ta ta ba ka labarin yadda ciwon ya fara da yadda ya cika, ko da ka riga ka ji a waya. Za ta yi kuka sabo kamar jiya aka yi. Wannan kukan haƙƙinta ne a kanka. Zumunta a ƙafa take, ba a Bankak ba.

In ka gama wannan zagayen mutane sun ga ka dawo. In ba ka yi ba, baƙo ne ya zo daga Saudiyya, a ba shi shayi a girmama shi. Kai kuma a makon farko ka tayar da maganar fili. Mutanen da suka binne 'yan'uwansu, me kake so su ji?

Malam Idrisu, Madina:
Hajiya ta gama magana ta fuskar al'ada. Ni zan ƙara ta fuskar hukunci, don kada a gauraya abu biyu. In ba a raba gadon mahaifinku ba, filin nan na magada ne duka: mahaifiyarku na da tumuninta, saura tsakanin 'ya'ya, namiji rabon mata biyu. Babba ba shi da ƙari a kan ƙarami ko taku ɗaya. Abin da ka ciyar da mahaifiyarka kuwa wajibinka ka sauke, ladanka na wurin Allah, amma ba kuɗin sayen fili ba ne. Haka shi ma Hamza ba shi da ikon hana ka rabonka in an raba. Shi ya sa nake yawan cewa a raba gado da wuri, kowa ya san iyakarsa, zumunci ya huta.

Sannan batun mutanen Madani. Kai ɗan Mai Wurno ne, ka fi ni sanin tushen garinku. Bayan Turawa sun kashe Sarkin Musulmi Attahiru a Burmi a 1903, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ne ya ja ragowar jama'a suka yi gabas da nufin Makka, suka sauka bakin kogin Nilu wajen Shehu Talha, aka karɓe su, daga baya suka kafa garin da ke ɗauke da sunansa. Kakanninku da tabarma da buta suka iso. Garin da masu hijira suka kafa, da wuya a ce a nan ne aka tashi mai hijira don a zuba bulo.

Ummu Yasir, Riyad:
Malam a gafarce ni, Hajiya a gafarce ni, amma kun taru a kan mutum ɗaya. Bari in faɗi ta ɓangarenmu, mu matan 'yan ƙasar waje, don mu muke ganin abin da mazanmu ba sa faɗa.

Maigidana ya gina ɗakuna uku a gidansu a Kassala da guminsa. Duk ƙanin da zai yi aure sai a ce ga ɗakin Yaya ba kowa, ya shiga kafin ya yi nasa. Har yau ba wanda ya yi nasa. In muka je hutu, ɗakin surukata nake kwana da yara, shi yana diwan da baƙi. Ranar da ya yi maganar, aka ce Saudiyya ta sa masa rowa. An mayar da ɗan ƙasar waje saniyar tatsa: in waya ta yi ƙara ka san buƙata ce, amma ranar shawara ba a tuna da lambarka. Kuma iƙama ba gado ba ce. Ranar da kafili ya ce ya gama da kai, ko ƙarfi ya ƙare, ina za ka kai yaranka? Abu Suwaiba bai yi laifi ba don ya nemi inda zai sa kansa. Shawarata, ka bar musu filin gado, ka sayi naka ko ƙarami ne, takarda da sunanka.

Abin da ya fi fili damuna ma yara ne. Zuwanmu na ƙarshe kafin yaƙi, 'yata ta shiga wurin kakarta a tsaye, ta miƙa hannu ta gaishe ta da Larabcin Riyad. Tsohuwa tana zaune a bakin angarib, gadon igiya, tana tsinke zogale, ta riƙe hannun ba ta saki ba, ta dube ni ta ce, “Wannan 'yar taku ba ta da gwiwa ne?” Yarinya ba ta gane ba, ta yi dariya. Daren nan na koya mata durƙusawa da ina kwana da ina gajiya. Da safe ta je ta yi, kakar ta amsa da fara'a ta ci gaba da jero gaisuwa, ina gida ina mutanen Riyad yaya karatu, yarinya ta tsaya tana kallona don abin da na koya mata ya ƙare. Abu Suwaiba, kafin ka gina ɗakin, Suwaiba za ta iya hira da Inna?

Abu Suwaiba, Jidda:
Tana ji, mayarwa ce ke mata wuya. Ƙannenta kuwa sai a hankali.

Nura, Sinnar:
Anti Ummu Yasir, abin da aka yi wa maigidanki ba daidai ba ne, ban goyi baya ba. Amma ɗakin da ƙani ya shige don aure daban, rakubar wanda ya gudo da yara a ka daga Madani a Disambar 2023 daban. An ƙwato Madani a Janairun 2025, gaskiya ne, amma da yawa sun je sun tarar ba ƙofa ba taga ba ko wayar lantarki a bango, suka dawo. Ba son zama a filin wani suke ba.

Bashir Hausawi, Jidda:
Ina karanta ku tun ɗazu ina ta mamaki. Ku ku gode wa Allah kuna da filin da za ku yi faɗa a kai.

Kakana da ƙafa ya zo aikin hajji daga ƙasar Kano, ya yi shekaru a Sudan yana aikin auduga a Jazira yana tara guzuri, ya ƙetaro ta Sawakin, bai koma ba. Ubana a Makka aka haife shi, ni a unguwar Sabil a nan Jidda. Ita ce garinmu, ban san wani ba. Da aka yi rusau na tsofaffin unguwanni daga ƙarshen 2021 zuwa 2022, Sabil da Karantina da Gulel da sauransu, kowa ya kama gabansa. Na yi aiki a Dammam na ɗan lokaci, da na dawo na ce bari in je in ga layinmu. Na tsaya a fili fetal ina ƙoƙarin gane inda masallacinmu yake da inda tsohuwar da ke sayar mana da waina take zama, ban iya ba. Maƙwabtanmu wasu na kudancin gari, wasu Bahra, wasu an mayar da su ƙasashen da ba su taɓa gani ba. Sai a ɗaurin aure ko jana'iza muke haɗuwa. A Kano kuma sunan unguwar kakana kawai na sani, ba wanda zai gane ni.

Ba ina cewa damuwarka ƙarama ba ce, Abu Suwaiba. Amma ƙanin da zai tsaya ya gaya maka magana a tsakar gidan ubanku, ni da zan same shi da na saya.

Sale Mai Agashe, Gadarif:
Bashir ka sa jikina ya yi sanyi. In ka samu hali ka zo Gadarif, gida ne, Hausawa ko'ina, wataƙila ma a samu wanda ya san kakanka.

Abu Suwaiba, Jidda:
Salam. Jiya bayan isha na kira Inna, muka daɗe. Ban tayar da maganar fili ba, ita ta tayar. Ta ce mutanen da ke rakubar dangin mijin ƙanwarmu ne ta Madani, kuma sun rasa yaro a gidanmu lokacin kwalara, Hamza ne ya ɗauke shi zuwa maƙabarta. Ta ce injin ban ruwan da na tambaya aka ce mini ya lalace, ba lalacewa ya yi ba, Hamza ya sayar lokacin da hanya ta toshe, ya hana a gaya mini don kada in ƙara cin bashi.

Sai kuma ta faɗi abin da ban zata ba. Wai ba don Hamza ta ce in jira ba. Tsoronta in gina ɗaki in sa kwaɗo in koma Jidda, kamar wasu gidaje biyu a layinmu da masu su ke Saudiyya, ɗakuna a rufe shekara da shekaru, mutane na kwana a tsakar gida suna kallon ƙofa. Ta ce in zama zan yi, ko ɗakinta ne ta ba ni. In kuma kwaɗo zan kawo mata, tana da isassu.

Duk da haka ina nan a kan bakana a abu ɗaya: bai kamata ya gaya mini a gaban yara ba.

Nura, Sinnar:
Wannan kam gaskiyarka ce Yaya. Da ya ja ka gefe.

Malam Idrisu, Madina:
To kai ma ka ja shi gefe ka gaya masa, kada ka aika ta bakin Inna. Kuma injin nan, in da hali, shi ya fi ɗaki gaggawa. Gonar bakin kogi ba inji ba ta ciyar da kowa.

Ummu Yasir, Riyad:
Ka sayi injin, ban hana ba. Amma ka rubuta wannan ka ajiye: ka sayi filinka. Tsohuwa Allah ya ja kwananta ita ce ke riƙe da ku yanzu. Bayan ita, matan ƙanne ne za su yi magana, ba ƙannen ba.

Hajiya Maryama, Makka:
Ummu Yasir ki bar tsohuwa ta sha ruwa tukuna. Ɗana, yaushe za ka koma?

Abu Suwaiba, Jidda:
Ina so in nemi hutu wajen kaka in kafili ya yarda, in ɗan jima wannan karon. Ina tunanin tafiya da babban ɗana namiji in bar shi wurin Inna zuwa wani lokaci, amma uwarsa ta ce sam, ba makaranta tsayayya, ga zazzaɓi. Ba mu gama wannan ba.

Sale Mai Agashe, Gadarif:
Kada ka sayi inji a Jidda ka sha wahalar kwastan a Sawakin, ka zo da kuɗinka mu duba a kasuwar nan, na san masu kawowa. Ka sauka wurina ka kwana, da safe in sa ka a motar Sinnar. Kuma ka zo da takalmin da zai iya tafiya, gidajen gaisuwar da Hajiya ta lissafa maka ba a mota ake zuwa ba.

Hajiya Maryama, Makka:
In ka tashi ka biyo ta Makka, ina da ɗan saƙo zuwa Gadarif wurin ƙanwata. Ba shi da nauyi.

Sale Mai Agashe, Gadarif:
Abu Suwaiba ka yi hattara. Saƙon Hajiya na bara da ba shi da nauyi, mutum biyu suka sauke shi daga kan mota.